George Muller: Uban Marayu da Ya Koyi Jiran Lokacin Allah

A cikin bayin Allah da Ikkilisiya take tunawa da su saboda bangaskiya, kaɗan ne sunansu ya bazu kamar na George Muller, mutumin Jamus wanda ya zauna a birnin Bristol na ƙasar Ingila. A tsawon shekara 62 ya riƙi marayu 10,024, ya ci da su, ya tufatar da su, ya ba su ilimi, ba tare da ya roƙi wani ɗan Adam ko anini ba, bai kuma taɓa cin bashi domin aikin ba. Mutane da yawa sun san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan jiran da ya sha. Akwai addu'ar da aka amsa masa a yini ɗaya, akwai wadda ta ɗauki wata goma sha takwas, akwai kuma wadda ya yi ta fiye da shekara hamsin. Ga dukan mai bi da ya riƙe wani alkawarin Allah yana ganin kamar cikarsa ta yi nisa, tarihin wannan mutum makaranta ce.

Ƙuruciyar da ba ta nuna alamar alheri ba

An haifi Muller ranar 27 ga Satumba, 1805, a ƙauyen Kroppenstedt cikin ƙasar Prussia, wadda yanzu take cikin Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin haraji ne na gwamnati. Tun kafin yaron ya kai shekara goma ya fara satar kuɗin gwamnati da ke hannun mahaifinsa. A daren da mahaifiyarsa take kan gargara, yana ɗan shekara 14, shi yana can wurin karta tare da abokai, kashegari kuma suka wuce gidan giya. Yana da shekara 16 aka kulle shi kwana 24 a kurkukun Wolfenbuttel, domin ya sauka a masaukin baƙi ya ci ya sha, ya nemi sulalewa bai biya ba. Sai da mahaifinsa ya aika da kuɗi aka sake shi.

Duk da wannan hali, aikin fasto aka nufe shi da shi, gama a wancan zamani limamin majami'ar gwamnati yana da albashi mai kyau da gida, mahaifin kuwa yana so ɗansa ya sami abin da zai riƙe shi da shi in ya tsufa. Haka Muller ya shiga Jami'ar Halle a 1825 yana karatun tauhidi, yana da littattafai wajen 300 a ɗakinsa, amma babu Littafi Mai Tsarki a cikinsu.

Wata ranar Asabar da yamma, a watan Nuwamba na wannan shekara, wani abokinsa mai suna Beta ya kai shi taron addu'a a gidan wani mai bi da ake kira Wagner. Taron ba wani babba ba ne. Sun raira waƙa, sun karanta sura guda da wa'azin da aka buga a takarda, sai ɗaya daga cikinsu ya durƙusa ya yi addu'a. Muller bai taɓa ganin mutum ya durƙusa a gaban Allah ba, shi kansa ma bai taɓa yi ba. Ya koma ɗakinsa da wata salama da bai san irinta ba, daga wannan dare kuma rayuwarsa ta juya.

Darasi na fari game da tanadin Allah

Ba da jimawa ba ya ji marmarin zama ɗan mishan. Da ya gaya wa mahaifinsa, sai tsohon ya husata, ya yi masa gorin kuɗin da ya kashe a kansa. Muller ya ga bai kamata ya ci gaba da karɓar kuɗin mutumin da ba zai cika masa burinsa ba, saboda haka ya daina, alhali da sauran shekara biyu a gabansa a jami'a. Ana nan sai waɗansu malamai Amurkawa suka zo Halle suna neman wanda zai koya musu Jamusanci, shehun malami Tholuck kuwa ya nuna musu Muller. Abin da suka biya shi ya ishe shi har ya yi saura. A wannan lokaci ne kuma ya zauna wata biyu a ɗakunan da ake ba ɗalibai matalauta kyauta a gidan marayun da August Hermann Francke ya gina a Halle fiye da shekara ɗari kafin nan, bisa dogara ga Allah. Abin da ya gani a wurin ya kwanta masa a rai.

A 1829 ya tafi Landan domin shirin aikin bishara a cikin Yahudawa. Ciwo ya kama shi, aka tura shi garin Teignmouth na bakin teku ya huta. A can ya haɗu da Henry Craik, wanda ya zama abokin aikinsa har mutuwa ta raba su. Ƙofar mishan da ya zo dominta ta rufe, ya zama faston wata ƙaramar ikkilisiya mai mutum 18, da albashin fam 55 a shekara. A watan Oktoba 1830 ya auri Mary Groves. Makonni kaɗan bayan bikin, su biyu suka yanke shawarar barin albashin, domin daga kuɗin hayar benci ake tara shi, wato mawadaci ya sami wurin zama mai kyau, matalauci ya koma baya, abin da wasiƙar Yakubu sura 2 ta tsauta a kai. Aka ajiye akwati a majami'a domin mai niyya ya saka abin da ya ga dama. Suka kuma ƙudura ba za su gaya wa kowa bukatarsu ba sai Allah.

Dalilin buɗe gidan marayu

A 1832 Muller da Craik suka koma Bristol, a shekarar da annobar kwalara ta ratsa birnin. A 1834 suka kafa wata ƙungiya domin taimakon makarantu, rarraba Littafi Mai Tsarki da tallafa wa 'yan mishan. Yawancin yaran talakawa da suka rasa iyaye a Ingila ta wancan zamani ba su da mafaka sai titi, ko gidajen da gwamnati take tara fakirai tana sa su aikin wahala.

Tausayin yaran yana cikin abin da ya motsa Muller, amma ya bayyana cewa babban dalilinsa wani ne. A ziyarar da yake yi wa 'yan ikkilisiya yakan tarar da magidanci yana aiki sa'a goma sha huɗu ko goma sha shida a yini, ba shi da lokacin addu'a ko karatun Magana, yana tsoron in ya rage aiki iyalinsa za su kwana da yunwa. Yakan ga tsofaffi suna fargabar ranar da ƙarfinsu zai ƙare. Yakan ga 'yan kasuwa masu bi suna ha'inci irin na kowa, suna cewa in ba haka ba ciniki ba zai tafi ba. Duk sun san alkawarin Matiyu 6:33, amma a zuci suna ɗauka zamanin cikarsa ya wuce. Muller ya yi tunani cewa idan shi, matalauci, ya iya riƙe gidan marayu ta wurin addu'a kaɗai, wannan zai zama shaida da ido zai gani cewa Allah mai rai ne, yana kuma jin addu'a har yanzu.

Ranar 5 ga Disamba, 1835, yana karanta Zabura 81, aya ta 10 ta tsaya masa a zuciya, inda Ubangiji yake kiran jama'arsa su roƙa da yawa domin shi mai cikawa ne. Ya durƙusa ya roƙi gida, da ma'aikatan da suka dace, da fam 1,000. Bayan kwana biyu kyauta ta fari ta zo: sule ɗaya. Daga baya wata matalauciya mai ɗinki, wadda abin da take samu a mako bai wuce 'yan sulalla ba, ta kawo fam 100 daga gādon da ta ci. Muller ya daɗe yana yi mata tambayoyi domin ya tabbata ba cikin garaje ta yi ba, kafin ya karɓa.

Da aka shirya kome, ya sanar da ranar karɓar sunayen yara a farkon Fabrairu 1836. Ya zauna sa'a biyu, ba wanda ya zo. A hanyar gida ya gane cewa ya roƙi gida da kuɗi da kayan ɗaki da ma'aikata, amma bai roƙi yaran ba, domin ya ɗauka zuwansu tabbas ne. Daren nan ya ƙasƙantar da kansa a gaban Allah. Kashegari aka kawo sunan yarinya ta fari, ba da daɗewa ba kuma masu nema suka fi wurin da ake da shi. A watan Afrilu 1836 aka buɗe gida mai lamba 6 a titin Wilson domin 'yan mata 30. Fam 1,000 ɗin da ya roƙa kuwa bai cika ba sai a watan Yuni 1837, bayan wata goma sha takwas yana kawo maganar gaban Allah kusan kowace rana.

Shekarun hannu baka hannu ƙwarya

Daga 1838 aikin ya shiga wani dogon gwaji da ya ɗauki shekaru. Gidajen sun zama uku, bakunan da za a ciyar sun kusa ɗari, asusu kuwa ya ƙare. Sau da yawa abincin rana yana kan wuta ba a san inda na dare zai fito ba. Ma'aikatan gidajen sukan taru su yi addu'a, waɗansu su ba da ɗan abin da suke da shi, su sayar da abin da ba dole ba ne. Dokar Muller ita ce ba a karɓar kome bashi, ko burodi ko madara, bisa ga koyarwar Romawa 13:8. A dukan shekarun nan yaran ba su taɓa zama a tebur babu abinci ba, yawancinsu ma ba su san ana cikin matsi ba.

Abin da ya faru ranar 18 ga Satumba, 1838, ya nuna yadda Muller yake fahimtar jinkiri. A ranar an kai maƙura, har ana shirin sayar da kayan gida. Da rana sai ga wata mace daga wajen Landan ta kawo fam 3 da sule 2 da sisi, saƙo daga 'yarta. Ashe ta yi kwana huɗu ko biyar a Bristol, masaukinta kuma yana jikin gidan marayu maza, kuɗin yana hannunta duk kwanakin nan. Wani zai yi gunaguni a kan kwanakin wahalar da aka sha a banza. Muller kuwa murna ya yi, domin ya ga cewa taimakon ya riga ya iso tun kafin bukatar ta tsananta, Allah ne ya riƙe shi bayan bango guda har sa'ar da ya ga ta dace, domin a gwada bangaskiyarsu, amsar kuma ta fi daɗi.

A ƙarshen 1841 talaucin ya sake tsananta, daidai lokacin da aka saba fitar da rahoton shekara. Kowa ya san rahoton yakan motsa masu bayarwa. Saboda wannan dalili Muller da abokan aikinsa suka ɗage fitar da shi har watanni, kada a ce rahoton ne yake ciyar da marayun. Suka bi ta cikin watannin nan da ƙyar, amma suka fita ba bashi.

Ashley Down

A ƙarshen Oktoba 1845 wani maƙwabci ya rubuto yana kukan hayaniyar yaran da damuwar da gidajen suke jawo wa mazauna titin. Muller bai ɗauki wasiƙar da zafi ba. Ya zauna ya rubuta dalilan tashi da dalilan zama, ya ga mai kukan yana da gaskiya. Sai ya fara roƙon kuɗin gina gida na yara 300. Kwana 35 yana addu'a ba ko kobo da ya shigo domin ginin. A rana ta 36 aka ba shi fam 1,000, kyauta mafi girma da ya taɓa karɓa har zuwa lokacin. Wani mai zanen gine-gine ya ɗauki aikin kyauta. Mai filin da ake so a Ashley Down, eka bakwai, ya kasa barci wani dare yana tunani, da safe ya rage kuɗin daga fam 200 zuwa fam 120 a kowace eka.

Duk da haka Muller bai sa an haƙa tushe ba sai da kuɗin ginin duka ya cika a hannu. A ganinsa, idan aikin na Allah ne, kuɗin zai zo, idan kuma bai zo ba tukuna, lokacin bai yi ba ke nan. An fara ginin a 1847, yaran suka tare a watan Yuni 1849. Gida na biyu ya biyo baya a 1857, na uku a 1862, na huɗu a 1868, na biyar a 1870, dukansu bisa wannan ƙa'ida, har wurin ya iya ɗaukar yara 2,050.

A farkon hunturun 1857 babbar tukunyar da ke dafa ruwan ɗumama gida na fari ta fara yoyo. Gyaranta yana bukatar a kashe wuta, ga yara 300 har da jarirai, ga iskar arewa mai tsananin sanyi ta taso bayan an riga an sa ranar aiki. Muller ya roƙi abu biyu: Allah ya juya iskar, ya kuma ba magyaran zuciyar aiki irin ta mutanen Nehemiya. A ranar da aka kashe wutar iska ta koma ta kudu, gari ya yi ɗumi. Da yamma magyaran da kansu suka ce sun fi so su kwana suna aiki. Kafin sanyi ya dawo an gama, an kunna wuta.

Addu'a ba ta sa ya yi sakaci da tsari ba. Ana rubuta kowace kyauta, ko ta anini ce, ana bincika lissafi, ana bugawa. 'Yan mata sukan zauna har shekara 17, samari kuma a ba da su koyon sana'a a wajen shekara 14, kowa ya fita da Littafi Mai Tsarki da tufafi. Har zarginsa aka yi cewa yana ba 'ya'yan talakawa ilimin da ya fi matsayinsu.

Sa'ad da amsar ba ta zo yadda ake so ba

Kada mai karatu ya ɗauka kowace addu'ar Muller ta ƙare da murna. Ɗansa Iliya ya rasu a 1835 yana ɗan wata goma sha biyar. A watan Fabrairu 1870, bayan an buɗe gida na biyar, matarsa Mary ta kwanta ciwo. Ya yi addu'a domin ta warke, amma ta rasu, bayan aure na shekara 39. Shi da kansa ya yi wa'azin tunawa da ita daga Zabura 119:68, ya nuna cewa Ubangiji ya yi alheri da ya ba shi ita, ya yi alheri da ya bar masa ita tsawon shekarun nan, ya kuma yi alheri da ya ɗauke ta. Daga baya ya binne 'yarsa Lidiya a 1890, da matarsa ta biyu, Susannah, a 1894.

Yakan ƙi a ce yana da wata baiwar bangaskiya ta musamman irin wadda aka ambata a 1 Korantiyawa 12. Ya nace cewa bangaskiyarsa irin ta kowane mai bi ce, ta yi girma ne ta wurin gwaji da karatun Magana. Ya bambanta abin da Allah ya alkawarta a sarari, kamar abinci da sutura ga masu fara neman Mulkinsa, da abin da bai yi alkawarinsa ba, kamar warkar da kowane ciwo. Na farkon yakan roƙa da tabbaci, na biyun kuwa yakan roƙa ya bar wa Allah zaɓi. Bai kuma taɓa koyar da cewa kowa ya bar albashi ko sana'a ya yi yadda ya yi ba. Ya karanta Littafi Mai Tsarki daga fari zuwa ƙarshe kusan sau 200, daga nan ne yake sanin abin da ya kamata ya roƙa.

A watan Nuwamba 1844 ya fara yi wa mutum biyar addu'a kowace rana domin su tuba. Na farko ya tuba bayan wata goma sha takwas, na biyu bayan ƙarin shekara biyar, na uku bayan wata shekara shida. Sauran biyun ya ci gaba da ambatonsu a gaban Allah fiye da shekara hamsin, yana gida ko yana tafiya, yana lafiya ko yana ciwo, bai fasa ba.

Burin ƙuruciya ya cika a tsufa

Marmarin zama ɗan mishan da ya ji yana ɗan shekara ashirin bai mutu ba, an dai ajiye shi ne. A 1875, yana da shekara 70, ya bar riƙon gidajen a hannun surukinsa James Wright, ya fara tafiye-tafiyen wa'azi. Cikin shekara 17 ya zaga ƙasashe 42, har da Amurka, Indiya, Sin, Japan, Ostareliya, Masar da Rasha, tafiyar mil wajen 200,000, yana wa'azi da Turanci da Jamusanci da Faransanci. Da ya tafi a 1826, da saurayi ne zai je da ɗan abin da ya karanta. Da ya tafi a 1875, ya je da shaidar shekara arba'in wadda ba mai iya musunta.

Tasirinsa ya kai har ƙasarmu. Ya tallafa wa Hudson Taylor da 'yan mishan ɗinsa a ƙasar Sin da kuɗi da addu'a, musamman a shekarun da masu taimako suka ja da baya. Tafarkin nan na fita aikin bishara ba tare da tabbacin albashi ba, wanda Muller da Taylor suka nuna, shi ne ƙungiyoyin mishan da yawa suka bi daga baya, cikinsu har da SIM, wadda mutanenta na fari suka sauka Legas a 1893, da SUM, wadda ta iso Wase a 1904.

Ranar 9 ga Maris, 1898, Muller ya bi da taron addu'a da yamma kamar yadda ya saba. Kashegari da safe aka tarar ya rasu a ɗakinsa, a gida na uku, yana da shekara 92. Ranar jana'izarsa dubban mutane suka cika titunan Bristol, marayu suna bin gawar. Kuɗin da ya ratsa hannunsa domin aikin ya haura fam miliyan ɗaya. Daga abin da aka ba shi domin kansa ya bayar da fiye da fam 81,000. Abin da ya bari duka, da littattafai da kayan ɗaki, bai wuce fam 160 ba. An daina amfani da manyan gidajen domin marayu a 1958, amma ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa ta ci gaba da hidima a Bristol.

Abin koyi a gare mu

A yau ana yawan wa'azin albarka, ana kuma yawan sa mata rana, a ce wannan wata ko wannan shekara ba za ta wuce ba. Idan ranar ta wuce, sai raunanan masu bi su fara zargin kansu, ko su zargi Allah, waɗansu su koma ga bashi da ha'inci da bokaye. Muller bai taɓa sa wa Allah rana ba. Yakan tabbatar da cewa abin da yake roƙo yana cikin Magana, ya bincika zuciyarsa ko domin ɗaukakar Allah yake nema, ya yi aikin da ke gabansa da aminci, sa'an nan ya jira, ko kwana 36 ne ko shekara 50. Abin da aka ba shi kuma bai tsaya a hannunsa ba, ya wuce zuwa bakin marayu.

Ibrahim ya jira shekara 25 kafin a haifi Ishaku. Yusufu ya yi shekara 13 tsakanin rami da gadon mulki. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke jiran haihuwa, ko aiki, ko kuɗin makarantar yara, ko tuban wani na gida, ka tuna da matar nan da ta sauka a jikin gidan marayu da kuɗi a hannunta, alhali na ciki suna durƙushe suna roƙo. Mahaƙurci mawadaci ne. Ubangiji ya ba mu alherin riƙe alkawarinsa da aminci har lokacinsa ya yi.